Idan Garmarka Ta Tono Harsashin Igwa: Yadda Za Ka Gane Shi da Abin da Za Ka Yi

Harsashin igwa da aka harba bai tashi ba ya fi wanda ke jibge a ma'ajiyar bariki haɗari nesa ba kusa ba. Wannan ce maganar da nake so ta fara zama a kan kowane manomi, da makiyayi, da ɗan gwangwan, da wanda ya koma garinsu bayan gudun hijira. A ɓangaren atilare, wato masu harba manyan igwoyi, na yi aikin soja har na ajiye kaki, kafaɗata ta san nauyin waɗannan ƙarafa, amma har yau in na ji wani ya ce "ai mataccen bam ne, ya shekara da shekaru a ƙasa", sai gabana ya faɗi. Ba ya mutuwa. Tsatsa tana cin bayansa ne kawai.

Ba kwance bam zan koya maka ba. Wannan aikin masu shi ne, su ma da addu'a suke fita. Abin da zan nuna maka shi ne yadda za ka gane abin da ke gabanka daga nesa, yadda za ka janye jikinka, da yadda za ka kwatanta wa hukuma shi har su san da irin shirin da za su taho.

Abin da ke cikinsa

Babbar igwa ta zamani ita ce wadda ake ɗaga bakinta sama ta jefa wuta bayan tsauni ko cikin daji, inda mai harbin ma ba ya gani. Harsashinta abu uku ne a haɗe: gangar jiki ta ƙarfe mai kauri, nakiyar da aka narka aka ɗura a ciki ta daskare, sai fiyus da ake murɗawa a tsininsa, wanda shi ne ke ba da umarnin tashi. Albarushin da ke tura shi daban yake. A cikin igwar yake ƙonewa, ba ya bin harsashin.

Mutane sukan ɗauka nakiyar ce ke kisa. Ƙarfen ya fi ta ɓarna. Da gangan aka ƙera gangar jikin don ta tarwatse, kuma tsohon harsashin Amurka mai lamba M107 kaɗai yana watsa guntaye kusan 2,000, kowanne da kaifi, kowanne da zafi. Duk wanda ke tsaye a fili cikin mita 50 daga inda harsashin milimita 155 ya tashi, sai dai wani ikon Allah. A mita 100 ma raunuka ne masu muni. Ɗaiɗaikun manyan ɓaraguzai kuwa, musamman gindinsa, sukan yi tafiyar ɗaruruwan mitoci. Ka riƙe waɗannan alƙaluman, don su ne za su gaya maka inda ya kamata 'yan kallo su tsaya.

Da faɗinsa ake kiran harsashi. Ƙasashen NATO sun tsaya a kan milimita 105 da 155, tsohuwar Tarayyar Sobiyet da masu sayen makamanta kuma 122 da 130 da 152. Mu a Najeriya mun haɗa gida biyu: akwai ƙaramar igwar Italiya ta OTO Melara mai 105, akwai D-30 ta Rasha mai 122, akwai masu 155 irin Bofors ta Suwidin. Harsashin 105 yana da nauyin kilo 15, na 122 kusan kilo 22, wanda D-30 ke jefawa har kilomita 15. M107, wanda na 155 ne, kilo 43 ne, da nakiya kusan kilo 7 a cikinsa, yana kai kilomita 18. Wanda ya gaje shi, M795, ya kusa kilo 47, wato kaɗan ya rage ya kamo buhun siminti, nakiyarsa kusan kilo 11, yana wuce kilomita 22. Irinsu ne Amurka ke ƙera gangar jikinsu a garin Scranton, kafin yaƙin Yukiren tana fitar da kimanin 14,000 a wata, daga baya ta ɗaura aniyar kaiwa 100,000, Tarayyar Turai kuma ta yi wa Yukiren alkawarin miliyan ɗaya a watan Maris na 2023. Duk lokacin da na ji waɗannan lambobi a rediyo, ba fagen daga nake tunawa ba. Manoman da za su gaji waɗannan gonaki nake tunawa.

Siffarsa ba ta ɓuya: dogo ne, mulmulalle, da tsini a gaba, gindinsa a shafe, ba shi da fikafikai. Na 155 tsawonsa tsakanin santimita 60 da 85 ne. In ka ga mai fikafikai a gindi, wannan na ƙaramar igwar da sojojin ƙasa ke ɗauka ne, ko kuma roka. Hukuncinsu ɗaya ne da abin da zan faɗa.

Me ya sa wanda bai tashi ba ya fi muni

Nan ne zan ɗan daɗe, don wanda ya fahimci wannan ba sai an yi ta ja masa kunne ba.

Nakiyar da ke cikin harsashi, TNT ce ko haɗin da ake kira Composition B, ba ta da saurin fushi. Sababbin ma, irin IMX-101 da Amurka ta fara ɗurawa a M795, an yi su ne don su jure wuta da harbin bindiga. Shi ya sa muke loda harsasai a mota, a bi hanya mai gargada da su, a sauke, ba abin da ke faruwa. A ma'ajiya na 155 ko fiyus ba ya ɗauke da shi. Wani toshi ne mai zobe a bakinsa, wanda ake kamawa a ɗaga shi. Sai an zo harbi ake cire toshin a murɗa fiyus.

Fiyus ɗin ne mai saurin fushi, don haka aka sa masa makullai a ciki. Abu biyu ne ke buɗe su, kuma duka biyun a cikin igwa kaɗai suke samuwa. Na farko bugun fita: harsashin yana barin baki da gudun kimanin mita 800 a daƙiƙa ɗaya. Na biyu juyawa: cikin bututun igwar akwai tsagi a murɗe, wanda ke sa harsashin ya fita yana juyi fiye da sau 200 a daƙiƙa. Da ya ɗan yi nisa da bakin igwa, makullan sun buɗe, ba kuma abin da zai sake rufe su. Saura kawai ya taɓa ƙasa, ko lokacin da aka saita masa ya cika, ko, in mai na'urar auna kusanci ne, ya ji ƙasa ta matso ya tashi a sama da kawunan mutane.

To wani lokaci sai ya sauka bai tashi ba. Ko ya faɗi da gefe maimakon da tsini, ko ya nutse a laka ko yashi mai laushi, ko fiyus ɗin ya tsufa a ajiya, ko wani ɗan ƙarfe a ciki ya maƙale rabin hanya. Fadama da rairayi da bakin tafki sun fi haifar da irin wannan, ka kuwa san irin ƙasar da ke kewayen Tafkin Chadi. Abin da ke kwance a gonarka ke nan: harsashin da an riga an buɗe masa duk makullansa, abu ɗaya tak ya hana shi, kuma ba wanda ya san mene ne abin. Wataƙila ka mirgina shi sau uku lafiya, a na huɗu abin da ya maƙale ya saki. Ni da na yi aikin ban isa in duba in ce wannan zai tashi, wancan ba zai tashi ba. Masu kwance bam ma ba sa caca da shi. Galibi in sun tabbatar an harba shi, a inda yake suke tarwatsa shi.

Shekaru ba sa rage masa komai. A Faransa da Beljiyam, wajen Verdun da Ypres, har gobe garmar manoma tana tono harsasan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka gama tun 1918. Sojojin Beljiyam suna da runduna ta musamman da ke zagayawa tana kwashe su. A watan Maris na 2014 ɗaya ya tashi a wajen wani gini a Ypres ya kashe ma'aikata biyu. Kusan shekara ɗari ke nan yana jira. Namu na Borno da Yobe da Diffa, da na Khartoum da Omdurman da El Fasher da aka yi ta zubawa a yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023, jarirai ne a kansu.

Jan zoben da ke gindi

Kusa da gindin kowane harsashin igwa akwai wani zobe na jan ƙarfe da ya zagaye shi. Aikinsa shi ne ya cije tsagin bututun igwa, ya toshe iskar albarushi, ya sa harsashin juyawa. In zoben sumul yake, ba a harba shi ba. In ka ga an yi masa zane-zane a jere, a ɗan karkace, kamar an bi shi da haƙoran zarto, to ya bi ta cikin igwa, fiyus ɗinsa a buɗe yake. Wannan ita ce alamar da masu kwance bam ke fara tambaya.

Kuma wannan zoben shi ne ke kashe mutanenmu. Jan ƙarfe ya fi baƙin ƙarfe tsada a sikeli, kowane yaro mai yawo da buhu da maganaɗisu ya san haka. Sai a samo kurfi da guduma a zauna a kan harsashi ana sara, ko a kai wa mai walda ya yanka. Kallon kitse ake yi wa rogo. Kuɗin da ke jikin zoben bai kai na likkafani ba.

Kada kuma ka ce tunda zoben sumul ne, ko ka ga toshi mai zobe a baki, to babu komai. Wanda ba a harba ba yana iya kasancewa wuta ta taɓa shi, ko fashewar ma'ajiya ta wurgo shi. Abin da ya fi wannan, 'yan ta'adda sukan ɗauki irin waɗannan harsasai su haɗa bam ɗin gefen hanya da su, ko su ɗana tarko a ƙarƙashinsu. In ka ga waya, ko batir, ko leda, ko sabuwar ƙasa a kusa da shi, matsalar ta ninka. Sanin alamomin nan don ka ba da labari daidai ne, ba don ka yanke wa kanka hukuncin taɓawa ba.

Launi da rubutu, in fenti bai goge ba

A tsarin NATO, mai nakiya kore ne mai duhu irin na motar soja, da rubutu ruwan ɗorawa. Na hayaƙi kore ne mai haske. Na haska fili da dare fari ne. Na atisaye shuɗi ne. Na Rasha da masu bin tsarinta yawanci ruwan toka ne da baƙin rubutu. Amma bayan damina biyu ko uku duk sun koma launin tsatsa, don haka kada ka dogara da launi. Shuɗin ma kada ya ruɗe ka, wasu na atisaye suna da ɗan abin fashewa da ke nuna inda suka faɗa. Masu gonaki da masu kiwo a kewayen filayen atisaye, irin na Kachia inda makarantar atilare take, su kiyaye wannan.

Iri biyu ne nake so in ware. Na farko mai farin sinadarin fosfaras, wanda ke kama wuta da kansa da zarar iska ta taɓa shi. Yana iya kwanciya cikin laka shekaru, ranar da aka tono shi ya bushe sai ya fara fitar da farin hayaƙi mai warin tafarnuwa. In ka ga ƙarfe yana hayaƙi ba wanda ya sa masa wuta, ka bar wurin ta ɓangaren da iska ke tahowa, kada hayaƙin ya bi ka. Na biyu mai 'ya'ya. Akwai harsashin 155, kamar M483A1, da ke buɗewa a sama ya zubo ƙananan gurneti 88. Kowanne bai cika tafin hannu ba, da ɗan ƙyalle kamar ribbon a kansa, kuma da yawa ba sa tashi. Ƙyallen nan shi ke jan hankalin yara. Saboda irinsu aka yi yarjejeniyar haramta bama-bamai masu 'ya'ya a 2008. In ka ga ɗaya, akwai 'yan'uwansa a kusa, har a kan bishiya da rufin ɗaki.

A inda aka taɓa girke igwa kuma za ka iya tarar da kwanson tagulla ko na ƙarfe, na 105 ko 122, da wasu 'yan guntaye masu huda a tsakiya a warwatse a ƙasa. Albarushi ne. Yara kan tsince shi su jefa a wuta don su ga walƙiya. Cikin tafin hannu ɗaya ya isa ya ƙone fuskar yaro.

Ka gan shi. Sai me?

Ka tsaya cak. Kada ka ƙara taku ɗaya don ka "gani da kyau". Ka ɗaga murya ka gaya wa waɗanda ke tare da kai su tsaya inda suke, don abin da aka saba shi ne kowa ya rugo ya ga abin da aka gani. Ka dubi kewayen ƙafarka da ido, ko akwai wani, ko akwai waya. In garma ce ko fartanya ta tono shi, ka bar ta a wurin. In shanun huɗa ne, ka kwance su ka ja su baya, kada ka ce sai ka ɗaga garmar ta tsallake shi. In tarakta ce, kashe ta ka sauka ta baya.

Sannan ka koma ta sawunka, ta hanyar da ka zo, a natse. Ba gudu, ba tsalle. Kada ka rufe shi da ƙasa ko ciyawa da niyyar ɓoye wa yara, wanda zai zo bayanka ba zai san yana nan ba. Kada ka zuba masa ruwa, kada ka jefe shi da dutse, kada mafarauci ya gwada bindigarsa a kansa. Kada ka jefa shi a rijiya ko kogi ko masai. Na san ƙauyen da aka yi haka da kyakkyawar niyya, aka wayi gari an rasa rijiyar gaba ɗaya, don ba mai yarda ya sake shiga yasarta.

Alama za ka sa, amma ba a jikinsa ba. Ka ja baya sosai, a kan hanyar da mutane ke bi su iso wurin, ka gicciye sanduna biyu, ko ka tara duwatsu, ko ka ɗaura jan ƙyalle a reshe. A wuraren da masu aikin share nakiyoyi suka shiga, jan fenti a dutse yana nufin haɗari, fari yana nufin an share. Ka koya wa yaranka wannan, ka kuma hana su kwashe duwatsun ko cire allon gargaɗi don yin murfin akurki.

Wayar salula kuwa, sai ka yi nisa za ka kunna kira. In za ka iya ɗaukar hoto daga inda ka riga ka tsaya, to, amma kada hoto ya mayar da kai wurin. Mutane su tsaya aƙalla mita 300 daga wurin, a bayan tudu ko gini mai kauri in akwai, ba a fili suna leƙe ba. Ranar da za a tarwatsa babba, jami'ai sukan kori jama'a har kilomita ɗaya ko fiye. Kada ka ce sun cika tsanani.

Kai rahoto shi ne inda mutane ke noƙewa, kuma na fahimci dalili. Talaka yana tsoron ya je ya ce ya ga bam a ce shi ya ajiye. Maganin wannan kada ka tafi kai kaɗai. Ka fara da mai unguwa ko bulama ko dagaci, ku tafi tare wurin 'yan sanda ko sansanin soja mafi kusa. Rundunar 'yan sandan Najeriya tana da sashen kwance bam, lambar gaggawa kuma 112 ce inda take aiki. A arewa maso gabas hukumar UNMAS ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar MAG, masu aiki a kan nakiyoyi, suna aikin wayar da kai, ma'aikatansu sun san inda za su miƙa labari. A Nijar jandarmomi ne ko soja, hukumar CNCCAI kuma ita ke kula da sha'anin nakiyoyi. Abu ɗaya da ba za ka taɓa yi ba shi ne ka ɗauko shi a baro ko a bayan babur ka kai ofishin 'yan sanda don nuna gaskiyarka. An sha yin haka.

In ka je, ga abin da suke bukatar ji: a ina yake, da wata alama da ba ta motsi, kamar tsamiya ko rijiya ko kwalbati, tsawonsa da kaurinsa a ƙiyasce, da fikafikai ko babu, kwance yake a sarari ko ya nutse, akwai zobe mai zane, akwai waya ko hayaƙi, guda nawa ka gani, akwai gidaje ko makaranta a kusa, wani ya taɓa shi ko ya motsa shi. Wannan ta ƙarshe ka faɗi gaskiya ko da ɗanka ne ya mirgina shi. Ran wanda zai durƙusa a gabansa ya rataya a kan amsarka.

Wani lokaci za a kai rahoto a yi kwanaki ba a zo ba. Haka ne, jami'an kaɗan ne, ƙasar kuma da faɗi. Jinkirin nan shi ne lokacin da wani mai ƙarfin hali a gari ke cewa bari shi ya ɗauke. Mai unguwa ya sa a yi shela a masallaci da kasuwa, a sauya wa dabbobi burtali, a sake komawa a tuna wa hukuma.

Ga 'yan gwangwan da maƙera

Ku ne kuka fi kowa shiga haɗarin nan, don ku abin yana zuwa muku har gida cikin lodi. A watan Yunin 2025 wani abu ya tashi a wata harabar ƙarafa a Kano, mutum biyar suka rasu, 'yan sanda suka ce tsoffin harsasan soja ne da suka shigo cikin kayan gwangwan. Gwamnatin Borno ta hana sana'ar tsintar ƙarafa a 2023, amma ƙarfen daji bai daina fitowa ba, hanya kawai ya sauya.

Alhaji mai sikeli, ka duba kaya kafin a juye, ba bayan an juye ba. Lodin da ya fito daga yankin da aka yi yaƙi a sauke shi da hannu, a shimfiɗe, kada a tuntsurar da shi daga tifa. Duk wani ƙarfe mulmulalle, rufaffe, mai nauyin da ya fi girmansa, wanda ba ka ganin cikinsa daga wannan baki zuwa wancan, kada ya shiga injin matsewa, kada ya ga wutar walda, kada ya shiga tukunyar narki. TNT tana narkewa tun a zafin digiri 80, ruwa ma bai tafasa ba, kuma in tana kulle cikin ƙarfe aka ci gaba da gasa ta, ƙarshenta tashi ne. Wanda ya fashe rabi, kana ganin wani abu rawaya ko ruwan ƙasa a daskare a ciki, shi ma nakiya ce. Guba ce kuma: matan da suka yi aikin ɗura ta a masana'antun Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sai da fatarsu ta koma rawaya, wasu hanta ta kashe su.

In ka tarar da shi a cikin kayanka, a daina aiki, kowa ya fita, a kira hukuma. Kuma ka daina saya daga hannun yara, ko da wanda ya zo da shi fanko ne. Ranar da ka biya kuɗin fanko, ka aika yaran unguwa gaba ɗaya neman mai ciki. Maƙeri kuma kada ya mai da shi uwar maƙera, kada a rataye shi a matsayin ƙararrawar makaranta, kada a kafa tukunya a kansa. Duk an yi, a ƙasashe da dama.

Wuta, da ma'ajiyar da ta tashi

Manomin da ya koma gonar da aka yi shekaru ba a noma ba, abin da ya fara zuwa masa shi ne ya cinna wa sassabe wuta. In an yi artabu a wurin, ka tambayi sojojin yankin tukuna. In kuma wuta ta riga ta kama, ka yi nisa, kada ka koma da ta mutu. Harsashin da ya gasu yana iya tashi bayan awanni, don haka a bar wurin sai washegari aƙalla.

Masu zama kusa da bariki su ma akwai nasu. Ranar 27 ga Janairun 2002 ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama wuta, fiye da mutum 1,000 suka rasu, akasarinsu ba harsashi ne ya same su ba, a magudanar ruwa ta Oke-Afa suka nutse garin gudu cikin duhu. An ga irin haka a Brazzaville ta Kongo a 2012, da Bata ta Equatorial Guinea a 2021, da unguwar Goudji ta N'Djamena a watan Yunin 2024. In ya faru, ka nisanci tagogin gilashi, ka sa gini mai kauri tsakaninka da wurin, ka fita ta hanyar da ka sani, ba inda taro ya kwasa ba. Bayan an lafa za a tarar da harsasai a tsakar gida, a kan rufi, a cikin kwata. Sun sha wuta, sun sha wurgi, ba mai taɓa su.

In ya riga ya tashi da wani, zuciya za ta ce ka ruga. Dakata ka duba tukuna, don inda ɗaya yake ana samun na biyu. In hanyar a fili take, ko shi zai iya jan jiki ya iso gare ka, abin da ke gaba shi ne tsayar da jini: danna ƙyalle mai tsabta a kan raunin da ƙarfi, kada ka saki. In hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, ɗaure sama da raunin tamau da rawani ko ɗankwali, ka murɗa da sanda, ka riƙe lokacin da ka ɗaura don ka gaya wa likita. Kada ka zare ƙarfen da ya shige jiki. Ƙunar fosfaras kuwa a rufe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, a yi ta jiƙawa har asibiti, ban da man shafawa, ban da manja.

Bayan jami'ai sun zo sun tarwatsa shi, kada ka ɗauka gonar ta tsarkaka. Ba a harba igwa sau ɗaya. Igwoyi huɗu ko shida ne ke zuba wuta a wuri guda, kowacce sau da yawa, don haka ka nemi su duba kewayen da na'urarsu kafin su tafi, ka nuna musu duk wani rami da ba kai ka haƙa ba. Wanda ya nutse da zurfi na'urar ma tana iya tsallake shi, sai zaizayar ruwa ta fito da shi daga baya. A irin wannan gona, bayan kowane ruwa mai ƙarfi babba ya fara zagayawa da ido kafin a tura yara ciyawa, kuma shekarar farko a yi noma sama-sama, a ɗage haƙa rijiya da ramin taki sai an sake dubawa.